Lambunan Da Ke Ƙarƙashin Hanyar Jidda

Idan aka ambaci Bahar Maliya a zauren Bahaushen Sudan, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne Jidda. Ba laifinsa ba ne kuwa. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Haɗeja da Damagaram, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙafa ko a bisa jaki, waɗansu suka yi shekaru a hanya suna tsintar auduga a Jazira don su tara kuɗin jirgi, ba kallon kifi ne ya kawo su gaɓar teku ba. Sawakin suke nema, daga nan su tsallaka. Wanda ya isa bakin ruwa idonsa yana gabas, bakinsa yana addu'a kada jirgi ya kife. Da yawa sun sauke farali sun dawo sun zauna, waɗansu ma ba su sami tsallakawa ba, aka kafa unguwanni a Sawakin da Bur Sudan da Kassala da Gadarif, ga mu nan jikokinsu har yau. To, a cikin wannan shekara ɗari da 'yan kai, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa sunkuyawa ya leƙa abin da ke ƙarƙashin wannan hanya?

Baƙi kam sun leƙa. Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, Turawa daga Italiya da Jamus da sauran ƙasashe sukan sauka a Bur Sudan, su biya kuɗi masu yawa su shiga jirgin ruwa su yi mako guda suna kwana a tsakiyar teku, ba don komai ba sai don su ga halittun da ke kewaye da tsibiranmu. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya wurare biyu na wannan gaɓa cikin jerin kayan gadon duniya: Sanganib, mai nisan kilomita 25 daga gaɓa, da mashigin Dungunab tare da tsibirin Mukawwar, kimanin kilomita 125 arewa da Bur Sudan. Amma idan malami ya tsaya gaban aji a unguwanninmu ya tambayi wanda ya taɓa jin sunan Sanganib, sai dai yara su yi ta kallon juna. Wannan shi ya sa muka ga ya dace a wannan wata mu ɗan tsakuro wa masu karatu labarin.

Shiga cikin teku don kallo iri biyu ne. Akwai na masu goya tukunyar iska a baya su nutse mita 20 ko 30. Wannan yana bukatar horo da takardar shaida da kuɗi, ba shi muke magana ba. Akwai kuma na talaka, wanda kayan aikinsa uku ne kacal: tabarau na ruwa mai rufe ido da hanci, da lanƙwasasshen bututu da ake cije ƙarshensa a baki ɗaya ƙarshen yana sama da ruwa, da takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Mutum zai kwanta rub da ciki a saman ruwa, fuskarsa a ciki, yana shaƙar iska ta bututu yana kallon ƙasa. Shi ke nan. Ba sai ya nutse ba.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana da dalilinsa. Idon ɗan Adam an halicce shi ne don ya yi gani a cikin iska, shi ya sa idan ka buɗe ido a ruwa komai sai ya zama dishi-dishi. Tabarau yana tsare 'yar iska tsakanin ido da ruwa, sai gani ya dawo tangaram, sai dai komai yakan ƙara girma da kusan kashi ɗaya bisa uku, ya kuma matso kusa. (Wannan ne ya sa kifin mai ba da labari kullum ya fi na kasuwa girma.) Bututun kuwa tsawonsa wajen santimita 40 ne. Ɗalibai sukan tambaya, me zai hana a yi shi mita biyu ko uku mutum ya sauka ƙasa abinsa? Amsar ita ce nauyin ruwa. A zurfin mita guda kaɗai, ruwan da ke danne ƙirji ya isa ya hana mutum jawo iska daga sama. Bugu da ƙari, idan bututu ya yi tsawo, iskar da ka fitar ba za ta kai waje ba, ita za ka sake shaƙa har kanka ya juya.

Bahar Maliya kamar an yi ta ne don irin wannan kallo. Babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta. Khor Arba'at da Khor Baraka sai an yi ruwan sama suke kawowa, don haka babu laka da za ta gurɓata ruwan, a ranar da iska ta kwanta mutum yana hango abin da ke nisan mita 20 zuwa 30 a ƙarƙashinsa. Rana kuma tana ƙafar da ruwan ƙwarai, shi ya sa gishirinta ya fi na manyan tekuna: kimanin giram 40 a kowace lita, alhali na sauran wajen giram 35 ne. Ruwa mai gishiri ya fi ɗaga jiki. Yaron da ya koyi iyo a Nilu ko a fadamar Maiurno, idan ya shiga nan sai ya ji kamar ana tallafe shi.

Abin da ake zuwa kallo shi ne tudun da masunta ke kira sha'ab, watau tudun murjani. Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenmu mata sun san jan murjanin wuya, kuma mai karatun Alƙur'ani ya san an ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Sai dai jan da ake ratayawa yawancinsa daga tekun Rum yake fitowa. Namu na nan danginsa ne, amma magini ne. Mai kallo zai rantse dutse ne ko tsiro, alhali dabba ce, 'yar ƙarama da sau da yawa ba ta wuce ƙwayar gero ba, mai baki da 'yan hannuwa a kewaye. Dubbansu suke zama a manne da juna, kowace tana zuƙo sinadari daga ruwa tana gina wa kanta ɗakin farar ƙasa. Idan ta mutu ɗakin ya zauna, 'ya'ya su ɗora nasu a kai. A cikin naman wannan dabba akwai wani ɗan gansakuka da ido ba ya gani, wanda ke amfani da hasken rana yana haɗa abinci. Ita ta ba shi masauki, shi ya ba ta mafi yawan abincinta da launinta. Saboda bukatar hasken nan ne murjani ya fi yabanya a ruwa marar zurfi, daidai inda mai bututu yake.

A nan ne ma talaka ya yi wa mai tukunyar iska fintinkau. Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya, ja ne ke fara ɓacewa tun daga zurfin mita biyar ko makamancin haka, sannan ruwan goro, sannan rawaya. Wanda ya nutse mita 30 kusan komai shuɗi yake gani sai ya kunna fitila. Wanda ke kwance a sama kuwa launi duka nasa ne.

Mun taɓa fita da waɗansu abokan aiki a kwalekwalen wani masunci Babeje zuwa wani ƙaramin tudu da bai yi nisa da gari ba. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya zaɓi inda za a tsaya, ya nuna mana inda ruwa ke ja, ya ce a tofa yawu a cikin gilashin tabarau a murza a ɗauraye don kada ya yi raɓa. Da fuska ta shiga ruwa, abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙara. Mun zaci shiru za mu tarar, sai muka ji ƙas-ƙas-ƙas ta ko'ina kamar ana suyar gyaɗa. Wani ɓangare na ƙarar daga ƙananan jatan lande yake, wani kuma daga wani kifi kore da shuɗi mai baki irin na aku, wanda ke kankarar murjani yana cin gansakukan da ke kai. Dutsen da ya haɗiye yana niƙe shi ya fitar da shi gari. Farin rairayin da ake yabo a bakin tsibirai, wani kaso mai yawa nasa ta cikin wannan kifi ya biyo.

Daga nan sai ido ya rasa inda zai tsaya. Ga murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, ga mai faɗi kamar faifai, ga dunƙulalle mai zane kamar ƙwaƙwalwa. Ga ƙananan kifaye masu ruwan goro ɗaruruwa suna shawagi a bakin gangare, da inuwa ta gifta sai su faɗa rami a tare, sannan su sake fitowa. Ga kifaye rawaya masu faɗi suna tafiya biyu-biyu kamar ango da amarya. Ga talibambam, ɗan'uwan wanda masuntanmu suka sani a kogi, mai kumbura idan an tsokane shi. Ga kunamar ruwa mai ɗigo-ɗigon shuɗi kwance a ƙarƙashin dutse. Akwai wata halitta mai kama da tsumman gashi mai harbi, kowane kifi yana gudunta, sai wani ɗan ƙarami mai ratsin fari biyu wanda ya mai da ita gida, har yakan fito ya yi wa mutum barazana idan ya matso. Amma wanda ya fi burge mu shi ne wanzami. Wani siririn kifi ne mai baƙin layi a gefe, bai fi yatsa ba, yana da wurin zamansa sananne. Manyan kifaye sukan zo su yi layi, kowanne ya buɗe baki da kunnuwa, wanzami ya shiga ya tsince ƙwari da mataccen fata ya fito lafiya. Har najil, wanda muke gani a kasuwar kifi da tsadarsa, mun gan shi a tsaye baki buɗe yana jiran aski. Masana sun ƙirga nau'in kifi fiye da 1,000 a Bahar Maliya, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 nasu ba a samun su a wata teku sai nan.

Manyan dabbobi sai an yi nisa, sai kuma da rabo. Kunkurun teku suna hawa rairayin Mukawwar da tsibiran kudu da Sawakin da dare su haƙa rami su saka ƙwai. Abu Salama, kamar yadda masunta ke kiransa, yakan raka jirgi yana tsalle. Shi ba kifi ba ne, numfashi yake yi kuma yana shayar da ɗansa nono. A kusa da ɗan tsibirin Masharifa, wajen watan Oktoba, manyan dangin kunamar ruwa marasa ƙari sukan taru, faɗin fukafukansu ya kai mita uku zuwa huɗu, ba sa cin komai sai ƙananan halittun da suke tacewa daga ruwa. Girish kuma, wanda sunansa ya yi daidai da na tsohon kwabonmu, yana nan iri-iri, har da mai kan guduma a Sanganib da Sha'ab Rumi, amma wannan a zurfi yake zama.

Sai kuma wanda Larabawa ke kira amaryar teku. Wanda kakansa ya fito daga bakin Binuwai ko Kwara ya ji labarin ayu. To wannan ɗan'uwansa ne na ruwan gishiri. Tsawonsa ya kai mita uku, kiwo yake yi a ciyawar da ke tsirowa a ƙasan mashigin Dungunab kamar saniya a fadama. Macen takan yi fiye da shekara guda da ciki, ta haifi ɗa guda, sannan ta yi shekara uku ko fiye kafin ta sake. Tun da iska yake shaƙa, idan ya sarƙe a koma sai ya nutse ya mutu. Dabbar da ke haihuwa a hankali haka, ko kaɗan aka riƙa rasawa kowace shekara, garken ba ya mayarwa.

Ɗan Adam ma ya bar nasa abin kallon. Dab da Bur Sudan akwai jirgin Italiya mai suna Umbria, mai tsawon wajen mita 150, wanda ya ɗauko bama-bamai kimanin 360,000. Sojan ruwan Ingila sun tsare shi a nan, sai kyaftin ɗinsa ya ji a rediyo ranar 10 ga Yuni 1940 cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, ya sa aka buɗe wa ruwa hanya a asirce jirgin ya nutse don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Yana nan kwance a gefe guda da kayansa, murjani ya lulluɓe shi, kuma sashensa na sama yana kusa da fuskar ruwa har mai bututu yana iya ganinsa. Ba'ostiriye Hans Hass ya zo Bur Sudan a 1949 ya ɗauki hotunan ƙarƙashin ruwa. A 1963 kuma Bafaranshe Jacques Cousteau ya kafa gida sukutum a Sha'ab Rumi a zurfin mita 10, mutanensa suka yi wata guda a ciki suna ci suna kwana, har da akunsu. Fim ɗin da ya yi a kan wannan zama ya ci lambar Oscar, kuma rumfar da ya yi wa ƙaramin jirginsa na nutso tana nan a ƙasan ruwa. Shi kuwa Sanganib, tudu ne mai kamar zobe da ya taso daga zurfin mita 800, a kansa akwai hasumiyar fitila mai tsawon wajen mita 50.

Ba za mu ɓoye haɗari ba. Mutanenmu da yawa aljanu suke tsoro, tun da ga tatsuniyar da ke cewa a Sawakin ne Annabi Sulaimanu ya ɗaure su. Waɗansu kuma girish. A ganinmu abubuwan tsoron na gaskiya sun fi waɗannan ƙanƙanta. Akwai kifin da ya yi kama da dutse sak, yana kwance a ruwa marar zurfi da ƙayoyi masu dafi a gadon baya. Wanda ya taka shi a tsoma ƙafar a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, a garzaya da shi asibiti. Akwai bushiyar teku mai dogayen baƙaƙen ƙayoyi masu karyewa a cikin nama. Akwai murjani mai ƙuna kamar wuta, da wani dodon koɗi mai kyan zane wanda harbinsa kan yi kisa. Duk maganinsu ɗaya ne: kada a taɓa, kada a taka. Sama da su duka akwai jan ruwa a bakin tudu, wanda kan kwashi mutum yana shagala da kallo, sai ya ɗaga kai ya ga kwalekwale ya yi nisa. Don haka ba a shiga mutum ɗaya, kuma wanda bai ƙware ba ya sa rigar da ke hana nutsewa, ba abin kunya ba ne. Samari masu gasar riƙe numfashi, waɗanda kan yi ta shaƙa da sauri kafin su nutsa, su sani wannan yana sa mutum ya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba.

Barin taɓawa ba don lafiyar mai kallo kaɗai ba ne. Dunƙulallen murjani yana ƙaruwa ne da kimanin santimita guda a shekara. Wanda ya kai girman tukunyar biki ya girmi malamin da ke kallonsa, amma anga guda da aka jefa ba lura ta isa ta farfasa shi. Ledar da muke zubarwa a kwata tana ƙarewa a teku, kunkuru ya haɗiye ta yana zaton abinci ne. Tashoshin jiragen ruwa suna da nasu: a watan Yuni na 2022 wani jirgi ya nutse a tashar Sawakin da tumaki fiye da 15,000. Kuma akwai abin da ya shafi ɗakunanmu kai tsaye. Farcen da mata ke soyawa su daka a zuba a humra, marufin bakin wani dodon koɗi ne na teku, kuma ba a samunsa sai an kashe mai shi. Ba cewa muke a daina humra ba, wa zai iya wannan faɗan? Amma ya kamata mai saye ta san cewa ɗan mudun nan rayuka ne masu yawa, kuma idan aka tsince manya da ƙanana babu ƙaƙƙautawa, wata rana za a nema a rasa.

Babbar barazana kuwa ba daga gaɓarmu take ba. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba da shi a tsakiyar bazara da digiri ɗaya kacal ya kuma daɗe makonni, murjani yakan kori gansakukan nan da ke ciyar da shi, ya koma fari fat kamar ƙashi. Idan ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo, in ba haka ba yunwa ta kashe shi. Wannan ya faru a faɗin duniya a 1998 da 2010 da kuma 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilu na 2024 masana suka bayyana karo na huɗu. Bincike ya nuna murjanin arewacin Bahar Maliya ya fi na wurare da yawa jure zafi, shi ya sa masana ke sa ido a kan wannan teku. Mai son ganin yadda murjani ke komawa idan ya mutu aka kuma yi sakaci da shi, ya je tsohon garin Sawakin. Da tubalin murjani aka gina benayen da kakanninmu suka gani, da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 fatake suka ƙaura, aka daina yaɓe, gishiri da iska suka rushe su.

Yaƙi ya kori baƙin da ke zuwa, ya kuma cika Bur Sudan da 'yan gudun hijira, cikinsu har da danginmu daga Hartum da Jazira da Sinnar, waɗanda 'ya'yansu ba su taɓa ganin teku ba sai yanzu. Wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya. Gaskiya ne. Amma yaran nan suna zuwa bakin ruwa da yamma ko an so ko ba a so, yawancinsu ba su iya iyo ba. Kuma duk ranar da ƙura ta lafa jiragen baƙi suka dawo, za a nemi matuƙa da masu dafa abinci da 'yan rakiya masu sanin sunan kifi, za a nemi masu gadin wuraren da aka keɓe. Jami'ar Bahar Maliya da ke Bur Sudan tana da tsangayar nazarin teku da kamun kifi, kuma ba mu ga abin da zai hana ɗan Bahaushe ko 'yarsa zama a wannan aji ba. 'Yan mata ma doguwar riga da wando ba sa hana iyo, hasali ma suna kare baya daga ƙunar rana, wadda ke kama har baƙar fata idan an daɗe a kwance.

Ga malamai da shugabannin ƙungiyoyin matasa masu sha'awar gwadawa: tabarau da bututu guda biyar sun ishi yara ashirin idan ana karɓa-karɓa. A guji watannin Yuli da Agusta saboda tsananin zafi, a fita da sassafe kafin iskar arewa ta taso, a nemi izinin hukuma, a ɗauki masunci ɗan wurin a biya shi haƙƙinsa. Darasin farko ma ba ya bukatar teku. Babban daro cike da ruwa a tsakar makaranta ya isa: yaro ya sa tabarau, ya cije bututu, ya tsoma fuska, ya yi numfashi goma a hankali, sannan a zuba masa ɗan ruwa a bututun ya koyi fesar da shi da ƙarfi guda ba tare da ya ɗaga kai ba. Wanda ya iya wannan sau uku a jere, shi za a fara sa wa suna a takardar masu fita.